Shigar da ɗaliban digirin farko cikin binciken haɗin gwiwa a fannonin lafiya

Wannan tsari ne da malamin jami'a ko ma'aikacin asibitin koyarwa ke jawo ɗalibin da bai kammala digirinsa na farko ba, su gudanar da bincike tare. Ana yin sa a fannin likitanci, da aikin jinya da ungozoma, da harhaɗa magunguna, da gwaje-gwajen asibiti, da kiwon lafiyar al'umma. Abin da ya raba shi da darasin aji shi ne, tambayar da ake bi ko malamin ma bai san amsarta ba tukuna. Ɗalibin kan sa hannu wajen tsara tambayar, da tattara bayanai, da tace su, da rubuta sakamako, gwargwadon ƙarfinsa da kuma yadda malamin ya sakar masa mara.

Asali

Tun kafin jami'o'i su ba shi suna ake yin abin. A shekarar 1869 Paul Langerhans, ɗalibin likita a cibiyar Rudolf Virchow da ke Balin a Jamus, ya bayyana wasu 'yan curin ƙwayoyin halitta a cikin fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi. Bai gano aikinsu ba, amma har gobe da sunansa ake kiran su, kuma su ne ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. A 1916 Jay McLean, ɗan aji biyu a makarantar likitanci ta Johns Hopkins a Amurka, ya tace wani sinadari mai hana jini gudajewa daga hantar kare, a ɗakin gwajin malaminsa William Howell. Daga wannan aikin aka kai ga heparin, maganin hana jini gudajewa.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Charles Best. A bazarar 1921 Frederick Banting, likitan tiyata ne da bai goge a bincike ba, ya samu Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto a Kanada ya ba shi ɗakin gwaji da karnuka da mataimaki. Mataimakin shi ne Best, saurayi ɗan shekara 22 da ya fito daga jarrabawarsa ta ƙarshe ke nan. Banting ke yi wa karnukan tiyata yana cire musu fankiriyas har ciwon suga ya kama su, Best kuwa shi ya iya auna sukarin jini da na fitsari, aikin da ya koya a aji. Kowa yana riƙe da abin da ɗayan ba shi da shi. Daga baya masanin sinadarai James Collip ya tsarkake ruwan da suka tato daga fankiriyas, mai ɗauke da insulin, aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14 da ciwon ya kai shi gargara, allura a Janairun 1922, ya farfaɗo. Da aka zo ba da lambar yabo ta Nobel a 1923, Banting da Macleod aka ba, babu sunan Best. Ran Banting ya ɓaci ƙwarai, ya raba kuɗinsa biyu ya ba Best rabi, shi ma Macleod ya raba nasa da Collip. McLean kuwa ya shafe shekarun ƙarshe na rayuwarsa yana neman a amince da hannunsa a gano heparin.

Yadda ya zama tsari

A 1969 Margaret MacVicar ta kafa shirin UROP a cibiyar MIT ta Amurka, wanda ke haɗa ɗalibi da malami a kan bincike na gaske, a biya shi ko a ba shi maki. Rahoton 1998 na kwamitin Boyer, wanda ya yi nazarin karatun digirin farko a Amurka, ya nemi manyan jami'o'in ƙasar su mayar da koyo ta hanyar bincike ginshiƙin digirin farko. A Birtaniya ɗalibin likita na iya dakatar da karatunsa shekara guda ya yi ƙarin digiri mai ɗauke da bincike, a Jamus kuma da yawa tun suna makaranta suke fara kundin da zai ba su laƙabin dakta. Majalisar binciken lafiya ta Indiya ta fara ba ɗalibai ɗan tallafin gajeren bincike a 1979.

Wani salo ya ɓullo a 2013, lokacin da ɗaliban likita a Birtaniya suka kafa ƙungiyar bincike mai suna STARSurg. Ɗalibai a asibitoci masu yawa suna tattara bayanai iri ɗaya a lokaci ɗaya game da waɗanda aka yi wa tiyata, kowace tawaga da babban likita mai sa mata ido, sannan a buga sakamakon da sunan ƙungiya, a jero duk wanda ya yi aiki. Hikimar a fili take: majinyatan asibiti ɗaya ba su isa a yanke hukunci a kansu ba, amma idan aka haɗa na wurare da yawa sai magana ta yi nauyi.

A Najeriya

A nan mafi yawan ɗalibai suna haɗuwa da bincike ne ta aikin kammala digiri, wanda suke kira furojet, da kuma zuwa karkara a ƙarƙashin sashen lafiyar al'umma. Jami'ar Ibadan ta fara shirin Ibarapa a Igbo-Ora a 1963, inda ɗaliban likita ke zama cikin jama'a suna nazarin cututtukan yankin. Sauran makarantu sun bi sahu da nasu cibiyoyin.

Wanda ya taɓa ganin wannan aiki a ƙasar Hausa ya san inda darajar ɗalibi take. Sai an gaida mai unguwa an nemi izini, sai an tsaya a zaure an yi wa maigida bayani, sannan ɗalibar jinya ta yi sallama ta shiga cikin gida, inda malaminta namiji ba zai taka ba. Ita za ta zauna a tabarma da mai jego ta tambaye ta ko an kai jariri rigakafi, ta san yadda za ta faɗi tambayar da aka rubuta da Turanci ba tare da ta kunyata matar ba, ta kuma gane lokacin da "lafiya lau" ke nufin akwai magana. Ingancin duk alƙaluman da za a buga daga baya yana rataye ne a kan wannan zaman. Abin takaici, da yawa daga cikin waɗannan ayyuka ƙarewa suke a ɗaure a kan kantar sashe, ƙura na cin su, garin da aka yi binciken ma bai ji sakamako ba.

Ƙa'idoji da wuraren tuntuɓe

Binciken ɗalibi a kan ɗan Adam yana ƙarƙashin doka ɗaya da na farfesa. Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin binciken likitanci na duniya da aka yi wa gyare-gyare daga baya, da kundin ɗa'ar binciken lafiya na Najeriya na 2007 sun wajabta amincewar kwamitin ɗa'a kafin a fara, da yardar wanda za a bincika bayan an fahimtar da shi, da rufe sirrinsa. Nauyin tabbatar da haka yana wuyan malami. Akwai kuma batun ƙarfin iko: wanda ke kula da binciken shi ne sau da yawa mai ba da maki, don haka ɗalibi ba ya iya cewa a'a cikin sauƙi, ko da aikin na cin lokacin karatunsa ko kuɗin aljihunsa.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na suna, wato abin da ya sami Best. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga mai son a sa shi cikin marubuta: ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutu ko gyaransa, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda zai ɗauki alhakin aikin. Kwamitin ya ƙara da cewa duk wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar cika sauran. Ma'ana, ba daidai ba ne a sa ɗaliba ta zaga gida ɗari da takardun tambaya, sannan a rubuta maƙala a bayan idonta a ce ba ta yi rubutu ba. Shi ya sa sassan da suka ƙware a wannan aiki ke zaunar da malami da ɗalibi tun ranar farko, a rubuta aikin kowa, da lokacin ganawa, da jerin sunayen da za su fito a kan maƙalar, kowa ya sa hannu.