Jawabin bankwana da godiyar da ɗan siyasa ke wa ma'aikatansa: me ke ciki?

Wai dole ne sai ya yi wannan jawabin in wa'adinsa ya ƙare?

Ba dole ba ne, al'ada ce kawai ta zauna. A Amurka shugabansu na farko George Washington ne ya buɗe ƙofar a 1796, kuma shi ma fa ba tsayawa ya yi gaban jama'a ya yi magana ba, rubutawa aka yi aka buga a wata jaridar Philadelphia a watan Satumba. Har yau duk shekara sai an karanta shi a majalisar dattawansu cikin Fabrairu. Daga baya rediyo da talabijin suka zo, ya zama kowa na son ya faɗi tasa kafin ya miƙa makullin ofis.

Me suka fi faɗa a ciki?

Yawanci yabon kai ne, na gina kaza na gyara kaza, sai ɗan neman afuwa, kamar yadda Buhari ya yi ranar 28 ga Mayu 2023 da ya ba da haƙuri kan wahalar da wasu matakansa suka jawo. Wani lokacin kuma a samu mai gargaɗi. Shugaban Amurka Eisenhower, tsohon janar ne fa, ranar 17 ga Janairu 1961 ya ja kunnen Amurkawa kan ƙawancen sojoji da kamfanonin ƙera makamai, kuma wannan gargaɗin shi aka fi tunawa a duk jawabin.

To ina ruwan ma'aikata, me ya sa sai an ambace su?

Ai su ne aikin. Mu oga muke gani a hoto yana yanka kintinkiri, amma wanda ya tsara masa tafiyar, da wadda ta kwana tana karanta ƙudurin doka mai shafi ɗaruruwa don ta taƙaita masa shi a takarda ɗaya, da yaron da ke ɗaga waya yana shan zagin mutanen mazaɓa tun safe har yamma kan abin da ba shi ya aikata ba, da direba da ke barci a mota yana jiran a tashi daga mitin, duk ba mai sanin sunansu. In abu ya yi kyau oga ne, in ya ɓaci a ce ma'aikaci ne bai ba shi shawara daidai ba. Abin dariyar ma, jawabin godiyar kansa sau da yawa ɗaya daga cikinsu ne ya rubuta, wato mutum ya zauna yana rubuta yadda za a gode masa. Ko na Washington ɗin nan na hannun damansa James Madison ne ya fara tsara shi tun 1792, daga baya tsohon sakataren kuɗinsa Alexander Hamilton ya sake masa fasali.

Da gaske suke godiyar ko dai siyasa ce?

Ni dai a ganina nan ne wurin da ya fi kusa da gaskiya a duk jawabin, don lokacin ba ƙuri'a yake nema ba kuma mutanen da yake magana a kansu sun san shi ciki da bai, sun ga fushinsa sun ga tsoronsa, ba zai iya yi musu burga ba. Dubi shugaban Amurka Richard Nixon. Daren 8 ga Agusta 1974 ya sanar wa ƙasa zai sauka saboda badaƙalar Watergate ta leƙen asirin 'yan adawa, jawabi a tsare, kowace kalma an auna ta. Washegari da safe da ya tara ma'aikatansa a fadar White House sai ka ga wani mutum daban, ido ya ciko, yana ta labarin mahaifinsa da gonar lemon da ba ta yi albarka ba, yana yabon mahaifiyarsa, har ya saka tabarau a gaban kyamara don ya karanta wani abu, abin da ba a saba gani ba. Daga nan ya hau jirgi mai saukar ungulu ya tafi. Obama ma a Chicago, 10 ga Janairu 2017, ce wa ma'aikatansa ya yi a gabansa suka girma, suka yi aure, suka haihu.

Amma kar a ruɗe, akwai masu jero sunaye kawai kamar ana kiran rajista.

In ya tafi su kuma ina suka nufa?

Nan ake yin ta. Ma'aikata kashi biyu ne. Akwai na dindindin, su gwamnati suke wa aiki ba mutum ba, wani ya zo wani ya tafi suna nan, irin su Eugene Allen da ya yi shekara 34 yana hidima a White House ƙarƙashin shugabanni 8. Sai kuma waɗanda ɗan siyasar ya zo da su, su kam kujerarsu a ɗaure take da tasa. A Amurka muƙamai kusan 4,000 ne sabon shugaba ke naɗawa, yawancin tsofaffin da tsakar ranar 20 ga Janairu, ranar rantsar da sabon shugaba, aikinsu ya ƙare. A Birtaniya ma masu ba minista shawara na musamman, ranar da ya sauka kwantiraginsu ya mutu. Akwai al'adar nan a Downing Street, fadar firaministan Birtaniya, da ma'aikata ke jeruwa suna tafa wa firaminista mai fita, wasu daga cikin masu tafin su ma kwalinsu na ɗaure.

To ya za a gane wanda godiyarsa ta wuce fatar baki?

Ba a ranar ake ganewa ba, sai bayan wata biyu ko uku. Ya tsaya an biya su haƙƙinsu na sallama? Ya rubuta musu takardar shaida mai kyau, ya buga waya ya ce wance ta iya aiki ku ɗauke ta? In tsohon direbansa ya kira yana ɗagawa? Shi dai fansho na jiransa da gayyatar laccoci, wataƙila har da kwangilar rubuta littafi, su kuwa ranar Litinin za su fara tura takardun neman aiki.