Tsallake NAT da Katangar Tsaro a Manhajojin P2P

Manhajojin P2P su ne waɗanda na'urori biyu ke musayar bayanai kai tsaye a tsakaninsu, ba tare da komai ya bi ta wata babbar saba ba. BitTorrent da kiran murya ko bidiyo ta WebRTC suna cikinsu. Babban cikas gare su shi ne yawancin wayoyi da kwamfutoci ba su da adireshin da za a iya kira daga waje.

Adireshin IPv4 bai wuce biliyan 4.3 ba, shi ya sa aka fito da NAT, wato dabarar da ke ba na'urori da yawa damar fita intanet da adireshi ɗaya, wanda takardar fasahar intanet RFC 1631 ta bayyana a 1994. Rauta tana bai wa na'urorin gida adireshi irin 192.168.1.5. Idan fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai, zai fita, sai ta musanya adireshin da lambar ƙofa (lambar da ke nuna manhajar da ta aiko shi) da nata, ta rubuta hakan a teburinta domin ta gane amsar idan ta dawo. Fakitin da ya zo daga waje ba a neme shi ba, babu layinsa a teburin, zubar da shi ake yi. Katangar tsaro ma haka take, tamkar maigadin da ba ya barin baƙo ya shiga sai wanda aka aika a kira.

Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce huda rami ta UDP, wato hanyar aika fakiti ba tare da jiran tabbacin isarsa ba. Kowace na'ura tana aika tambaya ga sabar STUN, galibi a ƙofa 3478, sabar ta mayar mata da adireshi da ƙofar da duniya ke ganinta da su. Na'urorin biyu sai su yi musayar wannan bayani ta wata sabar haɗawa, sannan kowacce ta fara jefa fakiti ga ɗayar a lokaci guda. Fakitin farko yakan ɓace, amma ya riga ya buɗe layi a teburin rautar mai aikawa, don haka na gaba da ya zo daga ɗaya ɓangaren zai wuce a matsayin amsa. Ramin ba ya dawwama. RFC 4787 ta 2007 ta ce kada a share layin UDP kafin minti 2, amma akwai rautocin da ke sharewa cikin daƙiƙa 30, shi ya sa ICE, tsarin da ke nemo wa na'urorin hanyar haɗuwa, ke aika ɗan fakitin tuni duk daƙiƙa 15.

Inda dabarar ke karyewa shi ne NAT ɗin da ke ba da sabuwar ƙofa ga kowane adireshin da aka tuntuɓa. A nan ƙofar da STUN ta gani ba ita ce abokin magana zai gani ba. Idan ɓangarorin biyu duka irin wannan ne, kusan babu makawa sai an koma ga TURN, wato sabar da ke karɓar bayanan ta miƙa su. TURN ba ta cika gazawa ba, amma tana ƙara jinkiri, kuma mai sabar ne ke biyan kuɗin duk bayanan da suka ratsa. Gurbin da ta ware yana ƙarewa bayan minti 10 idan ba a sabunta shi ba. ICE, wanda RFC 8445 ta 2018 ta tsara, shi ne ke tattara duk adireshin da ake da su, ya gwada su biyu-biyu, ya fifita hanyar kai tsaye a kan ta TURN.

A ofisoshi da makarantu sau da yawa UDP a toshe yake gaba ɗaya, kuma fita sai ta sabar wakili. Wakilin HTTP galibi TCP kaɗai yake ɗauka, wato hanyar da ke tabbatar da isar kowane fakiti bi da bi: manhaja tana aika masa umarnin CONNECT zuwa ƙofa 443, ta bi da TURN cikin TLS, wato rufin sirrin da ke ɓoye bayanai. SOCKS5, wani nau'in wakili na RFC 1928, yana iya ɗaukar UDP a takarda, sai dai ba kowace saba ke kunna shi ba. Murya a kan TCP takan tsinke, domin fakiti ɗaya da ya ɓace yana tsare duk na bayansa har a sake aiko shi.

A gida ana iya buɗe ƙofa da hannu a saitin rauta, ko a bar UPnP, NAT-PMP ko PCP su yi hakan. Wannan ba ya amfani ga mai datar waya, wanda shi ne yawancin masu intanet a Najeriya da Nijar, domin kamfanonin layi kan ɗora masu amfani da yawa a kan adireshi ɗaya ta CGNAT, wato NAT ɗin da ke kan rautar kamfanin, wadda mai waya ba shi da iko a kanta. Alamarsa ita ce adireshin da kamfanin layi ya bai wa na'ura ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nunawa, ko ya faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255. IPv6, sabon tsarin da ke da adireshi masu yawan gaske, yana kawar da musanyar adireshi, amma katangar tsaro tana nan, kuma har yanzu sai an huda ta.