Kan kifi da madara ba gata ba ne ga kyanwar da ke ciwon ƙoda

A ƙarshen bazarar da ta wuce wata dattijuwa ta shigo asibitinmu na dabbobi, jikanta na biye da ita ɗauke da kwali. A cikin kwalin kyanwa ce fara mai dabbare-dabbaren baƙi, ta rame har kana iya ƙirga ƙashin bayanta da yatsa, gashinta duk ya cukurkuɗe saboda ta daina lasar jikinta. Shekararta goma sha uku a gidan, in ji Hajiya, tun tana 'yar mitsitsiya aka tsince ta a soro.

"Ɗan nan, ruwa kawai take ɗirka. Ta shanye na kwanonta, ta koma gindin randa, har makwarara take bi. Fitsari kuwa kamar an buɗe famfo."

Na ce, "Hajiya, me take ci?"

"Me ba ta ci? Ni ban taɓa barinta da yunwa ba. Kan busasshen kifi kullum, da safe madara, in an yi yanka kuwa hanta tata ce."

Likita ya ɗebi jini da fitsari aka auna, sakamako ya nuna ƙoda ce ta daɗe tana lalacewa. Faɗa wa Hajiya wannan bai yi mini wuya ba. Abin da ya yi mini nauyi a baki shi ne gaya mata cewa abubuwa ukun nan da take bai wa kyanwar don ƙauna, su ne a sahun gaba na abin da za a janye.

Aikin ƙoda tace jini ne. Tana fitar da dattin da jiki ya tara ta fitsari, tana mayar da ruwan da jiki ke buƙata. Idan ta fara mutuwa a hankali, wurin da ya mutu ba ya dawowa, sai dai ragowar ta ɗauki nauyin duka. Wannan cuta tana cikin waɗanda suka fi kama tsofaffin kyanwoyi, kuma ɓoyayyiya ce: kafin sinadarin kiriyatinin da ake aunawa a jini ya tashi ya nuna matsala, galibi kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙodar ya riga ya tafi. Shi ya sa yawan shan ruwa da yawan fitsari da rama a tsohuwar kyanwa ba abin a ce "tsufa ne" a kau da kai ba ne. Amma kuma kada a yanke hukunci a gida, don ciwon sukari da ciwon maƙoƙo su ma haka suke zuwa, kuma abincinsu daban ne. A yi gwaji tukuna. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za a iya nufa idan asibitin kusa ba shi da kayan awo.

Babban abin da ake yaƙi da shi a kwanon irin wannan kyanwa sinadarin fosforas ne. Lafiyayyar ƙoda tana zubar da rararsa ba tare da wahala ba. Mai ciwo kuwa ta gaza, sai ya taru a jini, jiki ya shiga zaƙulo sinadarin kalsiyam daga ƙashi don ya daidaita, daga nan su biyun su riƙa daskarewa a cikin ƙodar kanta suna ƙara kashe ta. Ciwo yana haifar da taruwar fosforas, taruwar tana ƙara ciwo. To ina fosforas ya fi yawa a abin da muke bai wa kyanwa a gidajenmu? Ƙashi shi ne ma'ajiyarsa, don haka kan kifi da ƙayarsa, da ƙananan kifin da ake ci har ƙashi, da kifin gwangwani, duk suna sama. Sai hanta da sauran kayan ciki, sai madara da cuku, sai gwaiduwar ƙwai. Busasshen kifi da banda sun fi muni, tunda an ƙone ruwan, abin da ya rage a tattare yake, sau da yawa ga gishiri a kai. Ita madara ma, ban da fosforas, manyan kyanwoyi da yawa ba sa iya narkar da sukarin cikinta, sai zawo, zawo kuma ga mai ciwon ƙoda asarar ruwa ce da ba ta da halin yi.

Wannan magana ba ta fatar baki ba ce. A wani bincike da aka wallafa a Ingila a shekarar 2000, an bi kyanwoyi 50 masu wannan ciwo. Guda 29 sun karɓi abincin da aka rage wa fosforas da furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nama, 21 ba su ci shi ba. Tsaka-tsakin kwanakin da rukunin farko suka rayu 633 ne, na biyu kuwa 264. Fiye da ninki biyu ke nan. A 2006 kuma wani binciken a Jami'ar Minesota ta Amurka ya bi kyanwoyi 45: a cikin masu cin abincin yau da kullum, kashi 26 cikin ɗari sun faɗa mummunan tashin ciwon da dattin jini ke haddasawa, a cikin masu cin abincin ƙoda kuwa ko ɗaya ba a samu ba.

A nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Da zarar sun ji an ce a rage furotin, sai su ɗauke nama gaba ɗaya su koma tuwo da shinkafa da kunu. Kyanwa ba kare ba ce, ba kuma mutum ba ce. Halittarta ta cin nama ce, kuma akwai sinadarin da ake kira taurin wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshe, dole sai daga nama. Rashinsa yana makantar da ita, yana kuma sa zuciyarta ta buɗe ta yi laushi. Tun 1987 masana a Kalifoniya suka tabbatar da alaƙarsa da ciwon zuciyar. Kyanwar da aka hana furotin naman jikinta take ci, ta ƙara ramewa, ta mutu da wuri. Abin da ake nema furotin ne daidai gwargwado, mai kyau, wanda bai zo da tulin fosforas ba.

Mafi sauƙi, ga wanda ya samu hali, shi ne abincin da kamfanoni suka haɗa musamman don wannan ciwo, irin su Hill's k/d da Royal Canin Renal da Purina NF. An rage musu fosforas da gishiri, an ƙara mai don ƙarfi, an ƙara fotasiyam da bitamin B waɗanda ke tsiyayewa ta fitsari, da man kifi. Likitoci suna kasa ciwon mataki huɗu, kuma galibi daga mataki na biyu ake fara wannan abinci, don haka ba a saye shi a kan zato, ba a kuma bai wa 'ya'yan kyanwa ko mai ciki. In akwai zaɓi tsakanin na gwangwani da busasshe mai kama da ƙwayoyi, na fi son na gwangwani: kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗarinsa ruwa ne, busasshen kuwa bai wuce kashi 10 ba.

Ruwan nan ba ƙaramin abu ba ne. Kakar kyanwar gida ita ce kyanwar daji ta Afirka, dabbar busasshiyar ƙasa wadda ta saba samun ruwanta daga jikin abin da ta kama, don haka jikokinta ba su da saurin jin ƙishirwa. Lafiyayyar kyanwa mai kilo huɗu tana buƙatar kamar mililita 200 a yini, bai kai rabin ledar fiya-wata ba, amma mai ciwon ƙoda tana zubar da ruwa fiye da ƙima, ga zafin Maris zuwa Mayu irin namu. Kada a taɓa rage mata ruwa wai don fitsari ya yi yawa. A ajiye kwanuka biyu ko uku masu faɗin baki a inuwa, nesa da wurin da take ba-haya, a canza safe da yamma. Ruwan randa mai sanyi suna sonsa. A kuma riƙa zuba cokali biyu na ruwa a cikin abincin.

Na sani, abincin kamfanin nan shigo da shi ake yi, yana da tsada, kuma a garuruwa da yawa ko da kuɗinka ba ka ganinsa. Hajiya ma da ta ji farashin gwangwani ɗaya sai da ta ce, "Ɗan nan, ita za ta ci ko ni?" Dafawa a gida yana yiwuwa, amma da hannun likita a ciki. Tushensa tsokar kaza ba ƙashi, da ɗan kitsenta, da dafaffen farin ƙwai, wanda furotin ne mai kyau kuma fosforas ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, sai 'yar shinkafa mai laushi. Ba gishiri, ba dunƙule, ba yaji, ba kanwa. Albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa, suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, ita kuwa mai ciwon ƙoda dama jininta a ƙasa yake. Saboda haka ragowar miya, da tsire, da kilishi, da romon da aka dafa wa mutane duk sun fita. Sai dai tsoka zalla ba cikakken abinci ba ce, tana buƙatar ƙarin kalsiyam da taurin da bitamin, kuma likita ne zai auna. Ko garin ɓawon ƙwai da wasu ke barbaɗawa, in ya yi yawa, wata matsalar yake jawowa. Idan abinci kaɗai bai sauke fosforas ba, akwai magungunan da ake gaurayawa da abincin su kama shi tun a hanji ya fita ta kashi. Da abinci ake ba da su, in an ba su a cikin wofi ba su da abin kamawa.

Sauran aikin kuma lallashi ne, don kowa ya san kyanwa da taurin kai. Ba a canza mata kwano rana ɗaya. A fara da ɗan kaɗan na sabon a gefen tsohon, a riƙa ƙarawa har mako uku ko huɗu, wata ma ta fi haka. Sannu ba ta hana zuwa. A ɗumama shi kaɗan don ƙanshi ya tashi, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar. Kada a gabatar da sabon abinci ranar da take amai ko take kwance a asibiti, domin za ta haɗa shi da tashin zuciyar ta ƙi shi har abada. Kuma kada a ce "in yunwa ta ishe ta za ta ci". Kyanwar da ta yi kwanaki ba ci, kitse yana taruwa a hantarta, wannan kuma kisa yake yi da sauri fiye da ƙodar. In ta ƙi sabon ƙememe, a mayar mata da abin da za ta ci, da babu gara ba daɗi, sannan a koma wurin likita. Akwai maganin tashin zuciya da na buɗe ciki. Yini biyu ba ci, ko wuyanta ya sunkuya ta kasa ɗagawa, ko ta fara karo da bango kamar ba ta gani, kada a kwana. Sunkuyawar wuyan sau da yawa alamar ƙarancin fotasiyam ce, makantar kwatsam kuwa sau da yawa hawan jini ne.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a je kemis a sayo mata maganin mutane. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Ibufurofen da daikulofenak da allurar jentamaisin kuwa ƙodar suke nufa kai tsaye.

Bayan wata biyu Hajiya ta dawo da kwalinta. Mun ɗora kyanwar a sikeli, ta ɗan ƙaru, gashin ya kwanta. Na tambaya ko an daina kan kifin.

"Ni dai na daina," in ji ta. "Amma shekaranjiya na gan ta a kan katanga da wani a baki. Sai na shiga gidan maƙwabta su ma na yi musu irin wa'azin da ka yi mini."