Ba ragwanci ba ne, sukarin jiki ne ya ƙare

A Bauchi, idan saurayi ya bi duwatsun Dass da gudu shi kaɗai, ya kai kilomita 30 ƙafafunsa suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, sai abokai su ce ba shi da zuciya. Tsohon zance ne, kuma kuskure ne.

Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, ajiyar da ba ta wuce ta gudun awa biyu. In ta ƙare sai ya koma ƙona kitse, shi kuwa kitse a hankali yake ba da ƙarfi. Ƙwaƙwalwa ma sukarin take ci, shi ya sa take raɗa maka ka zauna. Masu gudun famfalaki na kilomita 42 suna gudu suna ci. A nan dabino ya isa, a fara tauna shi tun awar farko, a kora da ruwa.