Waiwaye: Yadda Aka Raba Iko Tsakanin Gwamna da Majalisa, da Abin da Kaduna Ta Gani a 1981

Ginin Lugard Hall mai ƙubba, wanda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama a harabarsa a yau, ya ga tsarin mulki iri biyu. A zamanin Jihar Arewa a nan wakilai da sarakuna suke taruwa, kuma daga cikin wakilan ake fitar da shugaban gwamnati. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiya a 1954, shekarar da Najeriya ta koma tarayya sosai, ba don an kaɗa masa ƙuri'a a faɗin Arewa ba, sai don jam'iyyarsa ta NPC ce ke da rinjaye a majalisa. Haka shi ma Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake a Legas: ɗan majalisa ne mai mazaɓarsa, ministocinsa ma 'yan majalisa ne. A irin wannan tsari na Ingila, gwamnati da majalisa tsintsiya ɗaya ce, domin duk ranar da rinjaye ya kuɓuce, gwamnati ta faɗi.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya kawo ƙarshen wannan tsari. Da Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin rubuta sabon kundin tsarin mulki a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams, sai aka karkata ga tsarin Amurka, aka raba iko gida uku: ɓangaren zartarwa, majalisa, da kotuna. Kundin 1979 ya ce jama'a su zaɓi shugaban ƙasa da gwamna kai tsaye, su kuma zaɓi 'yan majalisa da wata ƙuri'ar daban. Shugaba ba ya zama a majalisa, amma ba zai naɗa minista ba, ba kuma zai taɓa kuɗin baitulmali ba, sai da amincewarta.

Ba a daɗe ba aka gwada ƙarfin wannan tsari, kuma a Kaduna aka gwada shi. A zaɓen 1979, lokacin Katsina tana cikin jihar, talakawa suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP kujerar gwamna, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na jam'iyyar NPN, amma a majalisar jiha NPN ce ta kwashe mafi yawan kujeru. Da a tsohon tsari ne, da hakan bai yiwu ba ko kaɗan. Gwamna ya aika da sunayen kwamishinoni, majalisa ta ƙi amincewa. Ya sake aikawa, ta sake ƙi, har jiha mai girman wannan ta shafe kusan shekara biyu babu majalisar zartarwa. A ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau, ya zamana Balarabe Musa ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya.

Har yau dattawan da suka ga wannan zamani ba su daina muhawara a kai ba, wasu na cewa an zalunce shi, wasu na cewa taurin kai ya yi yawa. A ganina, ko wane ɓangare mutum ya bi, akwai aibi guda a cikin dokar kanta: a kundin 1979 shugaban majalisa ne ke naɗa kwamitin da zai binciki gwamna, wato mai ƙara shi ne ke zaɓen alƙalai, sannan an hana kotu sa baki. Kundin 1999 ya gyara wani sashe na wannan, domin yanzu babban alƙalin jiha ne ke naɗa mutum bakwai masu bincike, kuma kamar yadda yake a kundin 1979, sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisa sun amince. Kotun Ƙoli ma ta nuna a shari'ar Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo, wanda aka mayar kan kujerarsa a 2006, cewa idan majalisa ta tsallake matakan da kundi ya gindaya, kotu tana da hurumin rushe tsigewar.

A yau Jihar Kaduna tana aika sanatoci 3 cikin 109 da wakilai 16 cikin 360 zuwa Abuja, tana kuma da 'yan majalisar jiha 34. Abin da ke damuna shi ne abin da nake gani a rumfar zaɓe. A ranar zaɓen gwamna ana miƙa wa mutum takarda biyu, sai ka ga ya tsaya ya duba ta gwamna da kyau kafin ya dangwala, ta majalisar jiha kuwa ya bi alamar jam'iyya kawai, ko sunan ɗan takarar bai sani ba. Kiran “sak” da ya game Arewa a 2015 ya ƙara ƙarfafa wannan ɗabi'a. Alhali mutumin da ke kan takarda ta biyun shi ne zai tantance kwamishinoni, shi zai zauna kan kasafin kuɗin da za a gina asibitin Tudun Wada ko makarantar Rigasa da shi, kuma da sa hannunsa gwamna ke ciwo bashin da jikokinmu za su biya.