Takunkumi a kan mutum ba ƙwace dukiya ba ne

A fadar shayi a Yamai, tun bayan takunkumin CEDEAO na 2023, ana yawan cewa idan Turawa suka sa sunan mutum a jerin takunkumi, shi ke nan: sun cinye kuɗinsa, kuma ba inda zai kai kuka. Ba haka abin yake ba.

Toshe asusu daban, ƙwacewa daban. Kuɗin na nan da sunan mai su, taɓa su ne aka hana.

Batun ƙara kuwa, akwai kotun Tarayyar Turai a Lukzambur. Yassin Kadi, ɗan kasuwar Saudiyya da aka sa a jerin Majalisar Ɗinkin Duniya na masu alaƙa da Alƙa'ida a 2001, can ya kai kukansa. A 2008 kotun ta soke matakin Turai na toshe asusunsa bisa wannan jeri, domin ba a faɗa masa dalili ba, ba a kuma saurare shi ba. A 2009 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa ofishin mai sauraron masu neman a cire sunansu daga wannan jeri. Sai dai fa shari'ar na cin shekaru: sai 2012 aka cire sunan Kadi.