Daren rawar wals a Viyana: me mutum zai tarar in ya je?

Wai ita wals ɗin nan wace irin rawa ce?

Rawar mutum biyu ce, ana riƙe da juna ana jujjuyawa, kiɗan kuma uku-uku yake tafiya, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, bugun farko shi ne mai nauyi. Sunan ma daga Jamusanci ya fito, walzen, wato mirginawa. Kala biyu za ka fi gani, akwai ta Ingila mai sanyin jiki wadda bugunta bai wuce 90 a minti ba, sai ta Viyana babban birnin Ostiriya da ta ninka ta, wajen 180. Wannan ta biyun kam ba ta jiran kowa.

In ban iya ba fa, ba zan ji kunya ba?

Gaskiya ba wanda ya damu da kai, kowa ta ƙafarsa yake. Makarantun rawa irin su Elmayer da aka buɗe tun 1919 suna koyar da baƙi, kuma takun kansa shida ne kacal ake ta maimaitawa. Abin da zai ba ka wuya jiri ne da cunkoso. Filin gaba ɗaya zagaye yake yi ta gefe guda kamar motoci a shataletale, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, toh kai ga ka kana juyawa da abokiyar rawarka kuma kuna bin ayari, in ka ja birki a tsakiyar hanya sai na baya su hau kanka. Shi ya sa sabon shiga gara ya matsa can tsakiyar fili, ya bar wa gwanaye gefe-gefe inda ake gudu. Kuma ka daina kallon ƙasa, jirin ƙaruwa yake, takun ma a rage masa faɗi.

Dole sai na zo da wadda zan yi rawa da ita?

A ƙananan darare na makarantun rawa ba dole ba ne, canje ake yi. A manyan bukukuwa dai yawanci kowa da nasa yake zuwa. In za ka gayyaci wata sai ka ce "Darf ich bitten?", kamar ka ce ko za a ba ni izini, in ta ce a'a kuma shikenan ba a naci. Akwai ma lokacin da ake sanar da Damenwahl, nan mata ne ke zaɓa.

Kaya fa?

Nan ne ba sa wasa. Babban biki doguwar riga har ƙasa ga mata, baƙar kwat da ɗan nektayi mai kamar malam-buɗe-littafi ga maza, a bikin gidan Opera, wato babban gidan wasan waƙe na birnin, ma sai kwat mai jela da farin nektayi. Takalmi ya zama mai ƙasan fata, na roba kama daɓe yake yi sai gwiwa ta sha wahala.

Ya daren yake tafiya?

Kakar bukukuwan rawar tana farawa 11 ga Nuwamba amma Janairu da Fabrairu ne ake cika, bukukuwa sama da 400 a birni ɗaya. Matasa ne ke buɗe fili, 'yan matan cikin fararen riguna, suna gamawa a yi shelar "Alles Walzer!", wato kowa ya yi wals, sai kowa ya faɗa ciki. Ƙarfe 12 na dare a yi wata rawar layi-layi, kadiril, mai kira yana ba da umarni yana ƙara sauri ana ta ruɗewa ana dariya, ni a ganina nan ne daɗin daren yake. Kuma ba wals kaɗai ake kaɗawa ba, akwai polka da su ca-ca-ca, a kai har 4 ko 5 na asuba.

In ba na riƙe macen da ba tawa ba fa?

Sai ka zo da matarka ko ka kama tebur ka yi kallo, ba mai tilasta ka. Amma in an tashi aka ce a je rumfar sosej a karya, ka tambaya tukuna, yawancinsa naman alade ne.